Muhawara: A sayar da fili don karatun manyan kwamfutoci a Edinbara, ko a nemi gurbi a Thuwal?

Mustafa, Jidda

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo da wata magana da ta hana ni sukuni mako biyu ke nan, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. A nan Jidda aka haife ni, fasfona na Najeriya ne, digirina na farko kuwa a injiniyancin kwamfuta na yi shi a wata jami'a da ke Khartum, na gama a 2022. Tun daga lokacin nake aiki a sashen kula da na'urori na wani kamfani, kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, a kan kamfanin take.

Jami'ar Edinbara ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin da ake taƙaita sunansa da HPC, wato ilimin sarrafa manyan kwamfutoci masu lissafi cikin matuƙar sauri, bisa sharaɗin in kawo asalin takardar makina da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS. Karatun shekara ɗaya ne, amma babu tallafi tare da shi, kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 30,000, wajen riyal 150,000 ke nan, ban sa haya da abinci a lissafi ba. Mahaifina da ya ji labari ya ce zai sayar da filinsa na Kano, wanda shi ne abin da ya tara a shekaru talatin da ya yi yana ɗinki a ƙasar nan. Ga shi kuma wata takwas ke nan da aurena. Ina son karatun nan har cikin raina, amma ina jin nauyin filin. Ku ba ni shawara don Allah.

Alhaji Garba, Makka

Wa alaikumus salam. Ɗana Mustafa, Allah ya sa albarka. Kafin in ce komai a kan fili, ina roƙon masu ilimin cikinmu su fahimtar da mu tsofaffi abin da ake koya a wannan fanni. Kwamfuta dai ga ta a kowane ofis, har a aljihun yara. Mene ne a cikin wannan da sai an ƙetare teku an biya kuɗin gida sukutum kafin a koye shi?

Dakta Sa'adatu, Riyad

Baba Alhaji, tambayarka ita ce ta kamata a fara da ita. Babbar kwamfutar da ake magana a kanta ba na'ura ɗaya ba ce mai ƙarfin gaske, dubban kwamfutoci ne aka jera a cikin kabad-kabad aka haɗa su da wayoyi masu saurin isar da saƙo, domin su taru a kan aiki ɗaya. Wadda ke Edinbara, mai suna ARCHER2, tana da akwatuna 5,860, kowanne da ƙwayoyin lissafi 128, jimilla ƙwayoyi 750,080. Ana buƙatar irinsu ne a aikin da kwamfutar tebur za ta shekara ba ta gama ba, kamar hasashen yanayi, da gano inda mai yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, da gwada fukafukin jirgin sama kafin a ƙera shi. Hasashen ruwan gobe idan ya fito jibi ai ba shi da amfani, shi ya sa sauri ya zama ilimi mai zaman kansa.

Abin da ake koya shi ne aikin sarkin gayya. Idan gona ce, mutum ɗari za su nome ta da wuri, domin kowa zai kama kuyyarsa. Idan kuwa rijiya ce, ko mutum dubu ka tara, ɗaya ko biyu ne za su shiga ƙasa su haƙa, sauran suna tsaye a baki. Kowane lissafi yana da ɓangaren gona da ɓangaren rijiya. Wani masani, Gene Amdahl, ya bayyana wannan tun 1967: idan kashi 5 cikin ɗari na aikin ba ya rabuwa, ko ƙwayoyi miliyan ka zuba masa, saurin da za ka samu ba zai wuce ninki 20 ba.

Na ga wannan da idona a shekarata ta farko a Jamus, inda na yi digiri na uku a kan lissafin gudanar ruwa. Mutum ba ya zama gaban na'urar, ni sau ɗaya ma na gan ta, ta bayan gilashi, ɗakin yana ta ruri da ƙarar fankoki. Daga teburinka kake shiga, baƙin allo ne da rubutu kawai, ka rubuta takardar neman ƙwayoyi kaza na awa kaza, ka jefa ta a layi, ka tafi gida. Na aika aikina a kan ƙwayoyi 16 ya gama cikin awa uku, sai na ƙara zuwa 256 ina zaton minti goma sha ɗaya zai ɗauka. Da asuba na duba na tarar ya ci sama da awa huɗu. Ƙwayoyin sun ɓata lokacinsu ne wajen aika wa juna saƙo da jiran juna, kamar 'yan gayyar da kowa ya ajiye fartanya yana tambayar maƙwabcinsa inda ya kai. Wata shida na yi kafin na gyara wannan, kuma a cikin watannin nan shida na koyi sana'ar.

Nura, Thuwal

Yaya Mustafa, abin da ya ba ni mamaki a bayaninka shi ne ban ji ka ambaci KAUST ba, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke nan Thuwal, alhali tsakaninka da ita kilomita 80 ne kacal, tafiyar awa ɗaya a kan hanyar Madina. An buɗe jami'ar a 2009, digiri na biyu da na uku kawai take yi, da Turanci ake karantarwa, kuma ɗalibin da aka ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ba shi masauki da inshorar lafiya da alawus na wata-wata. Ni ina shekara ta biyu a nan, iyalina suna tare da ni.

Ta fuskar na'ura kuwa, babu abin da za ka ji kunyarsa. Babbar kwamfutar jami'ar, Shaheen II, ta zo ta bakwai a duniya a TOP500, jerin kwamfutoci 500 mafi sauri, na watan Yunin 2015, magajiyarta Shaheen III kuma ta shiga jerin a matsayi na 20 a Nuwambar 2023. A 2024 tawagar da masanan KAUST suka jagoranta, ciki har da Farfesa David Keyes, ta ci kyautar Gordon Bell, babbar kyauta a fannin manyan kwamfutoci, ta ɓangaren lissafin yanayi. Gaskiya ne ba za ka ga digiri mai suna HPC a nan ba, za ka nemi kimiyyar kwamfuta ne ko kuma lissafin aiki da kimiyyar ƙididdiga, sannan ka zaɓi darussa da malamin da aikinsa ya dogara a kan babbar na'ura. A ganina ba daidai ba ne a sayar da filin Baba kafin a ƙwanƙwasa wannan ƙofar.

Injiniya Bashir, Zahran

Nura, ban ƙi maganarka ba, amma ka faɗi rabinta ne. Mustafa yana da gurbi a hannu, kai kuma kana nuna masa gurbin da ba a ba shi ba tukuna, kuma Hausawa sun ce kada a ga hadari a yi wanka da kashi. Wurin da ake ba da masauki da alawus, duniya ce gaba ɗaya take nemansa, daga Sin har Misira, kuma ana duba maki da wasiƙun malamai da alamar cewa mutum ya taɓa yin bincike. Wanda ya yi shekaru a ofis yana gyaran na'urori ba lallai ne ya yi fice a wannan gasa ba.

Sannan karatun Edinbara yana da abin da ya keɓanta da shi. Cibiyar EPCC ta jami'ar, wadda ke koyar da shi, tun 1990 take aikin manyan kwamfutoci, kuma ita ce ke riƙe da ARCHER2, na'urar ƙasa ta Birtaniya. Masu koyarwar su ne masu aiki da na'urar kullum. Cikin wata goma sha biyu za a ɗora ka a kan MPI da OpenMP, wato hanyoyin raba aiki tsakanin ƙwayoyi, da sarrafa katunan GPU masu hanzarta lissafi, ka yi aikin kammalawa, ka fito da sana'a a hannu. Ni a harkar mai nake shekara goma sha takwas, na kuma san irin mutanen da ake nema. Aramco ba don ado ta kafa babbar kwamfutarta Dammam 7 ba, wadda ta zo ta goma a duniya a Nuwambar 2020. Bayanan da ake tattarowa idan an aika girgiza cikin ƙasa an saurari amsarta suna da yawan da sai irin wannan na'ura, kuma masu iya matse sauri daga cikinta ba su da yawa.

Halima, Jidda

Ina neman afuwa in shigo da abin da ban ji kowa ya taɓo ba. Malam Mustafa ya ce yana da iyali. Tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darussa zuwa da mata ko 'ya'ya, sai masu karatun bincike kamar digiri na uku da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wato amaryarsa ba za ta bi shi ba. Idan kuma zamanta a nan a kan iƙamarsa yake, shi kuwa iƙamar ta kamfani ce, ranar da ya ajiye aiki zaman su biyun ya shiga tambaya. Ƙanwata ta shiga irin wannan hali lokacin da mijinta ya tafi karatu, sai da ta koma Zariya wurin dangin da ba ta taɓa zama da su ba. A sa wannan a ma'auni, domin ba filin Baba kaɗai za a biya ba.

Mustafa, Jidda

Allah ya saka da alheri, Anti Halima, wannan ya girgiza ni, domin ban san dokar ta canza ba. Zaman matata a kaina yake. Na yi tunanin neman tallafin Commonwealth ko Chevening ko na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, tunda fasfona na Najeriya ne. Akwai wanda ya san yadda suke ga irinmu da aka haifa a nan?

Injiniya Bashir, Zahran

Ƙanena, a nan ne haihuwar waje take cizo. Tallafin Commonwealth yana neman ka kasance mazaunin dindindin a ƙasar da kake nema ta hannunta, kai kuwa mazaunin Jidda ne. Chevening tana neman shekara biyu ta aiki, wannan kana da ita, amma za ka yi alkawarin komawa ƙasar fasfonka ka zauna shekara biyu bayan karatu, wato Najeriya, ba Saudiyya ba. PTDF kuma za ta tambaye ka takardar bautar ƙasa. Idan ba ka yi ba, sai ka fara komawa gida a tantance digirinka na waje, ka yi shekara guda kana hidima. Ba na cewa ba zai yiwu ba, amma kowace ƙofa a cikinsu tana tambayarka ko ka shirya zama ɗan Najeriya na zaune, ba na fasfo kaɗai ba.

Zan kuma ƙara abin da ya rage ƙarfin maganata ta farko, domin amana ce. Tsarin sa'awada, wato fifita 'yan Saudiyya wajen ɗaukar aiki, yana ƙara faɗaɗa, kuma ayyukan fasahar sadarwa da injiniyanci suna cikin waɗanda aka ware wa 'yan ƙasa kaso. Don haka kada ka lissafa cewa dawowa da digiri daidai yake da samun kujera a Zahran.

Malam Usman, Madina

Assalamu alaikum. Ni mutumin Mai Wurno ne, ta kusa da Sinnar, na koyar da lissafi a wata jami'a a Khartum har zuwa ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya tashe mu. Ina da magana biyu, ta farko gajeriya ce kuma ta gaggawa.

Ɗana Mustafa, ka ce gurbin naka bisa sharaɗin kawo asalin takardar maki ne. Shin tana hannunka, da hatimin jami'a da na ma'aikatar ilimi mai zurfi da na harkokin waje? Idan ba ta hannunka, wannan ne aikinka na farko, kafin fili, kafin biza. Ɗalibaina da dama sun sami gurbi ya kuɓuce musu saboda ofishin da ke fitar da shahada, wato takardar shaidar digiri, ya tashi, rumbun bayanan kuma ba a san halin da yake ciki ba. Ɗaya daga cikinsu wata tara ya yi yana bibiya ta hannun wani ma'aikaci da ya koma Bur Sudan. Ka fara yau, ka kuma nemi malamanka biyu da za su rubuta maka wasiƙa tun kana da lambobinsu, domin sun warwatsu tsakanin Alƙahira da Kampala da nan.

Ta biyu ita ce wadda ta fi damuna. Tun da aka fara muhawarar nan ana maganar na'ura da kuɗi da biza, ban ji wanda ya tambayi Mustafa wace matsala yake son warwarewa da wannan sauri ba. A Satumbar 2020 na tsaya a bakin Nilu na ga ruwa ya kai matsayin da ba a taɓa rubuta irinsa ba, ya shiga gidajen mutane da dare, na ga wata tsohuwa tana ɗauke da buhun dawa da ya jiƙe ya fara tsiro. A Agustan 2024 madatsar Arba'at ta ɓalle a kusa da Bur Sudan. Lissafin da zai ce ruwa kaza ya zuba a tsaunukan Habasha, zai iso wuri kaza bayan kwana kaza da tsayi kaza, ainihin aikin waɗannan na'urori ne. Haka lokacin shuka a Gadarif ko a Hadeja. Ƙasashenmu suna da tambayoyin, ba su da masu lissafin. Idan yaronmu zai koyi wannan ilimi don ya ƙare yana ƙara wa wani banki sauri a Landan, halal ne, amma ba zan ce a sayar masa da gumin tela na shekara talatin ba.

Nura, Thuwal

Malam, Allah ya ƙara girma, maganarka ta shige ni. Amma a yi wa Yaya Mustafa adalci: idan ya koma Kano ko Khartum da wannan ilimi, a kan wace na'ura zai yi aiki? Irin waɗannan na'urori suna shan wuta kamar ƙaramin gari. Frontier ta Amurka, wadda a 2022 ta fara ƙetare lissafi biliyan sau biliyan a sakan ɗaya, tana jan sama da megawat 20. Inda wutar gida ma ba ta tsayawa, maganar ta yi nisa.

Malam Usman, Madina

Ɗana Nura, ai Dakta ta riga ta ba ka amsa da ta ce sau ɗaya ta ga na'urar da ta yi digiri a kanta. Wanda ya iya aikin, ta intanet yake shiga, ko yana Sakkwato. Nahiyarmu kuma ba fanko ba ce. Afirka ta Kudu ta kafa Lengau a cibiyar CHPC ta Kef Tawun a 2016, ɗalibanta kuma sun ci gasar haɗa ƙananan na'urori ta duniya da ake yi a Jamus fiye da sau ɗaya, tun daga 2013. Maroko tana da Toubkal a jami'ar Muhammad na Shida da ke Bin Jarir. Manhajar hasashen yanayi ta WRF kyauta ce, kuma hasashen yanki ɗaya bai buƙatar na'ura ta goma a duniya, akwatuna ashirin a ɗaki mai sanyi za su yi aiki mai amfani idan akwai wanda ya san yadda zai raba musu aikin. Abin da muka rasa shi ne wannan mutumin.

Dakta Sa'adatu, Riyad

Na yarda da Malam Usman, kuma zan ɗora a kai ta fuskar neman gurbi, domin abin da ya faɗa yana da amfani ko ga wanda ba ya niyyar komawa gida. Na zauna a kwamitin tantance ɗalibai, kuma takardar da ke cewa mai ita yana sha'awar manyan kwamfutoci tun yana yaro ba ta tsayar da kowa. Wadda ake karantawa sau biyu ita ce mai cewa ga matsala, ga abin da na gwada a ƙaramar kwamfutata, ga inda ta gaza, ga dalilin da nake buƙatar babba. Sunan digirin ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko za a ba ka awoyi a kan na'ura ta gaske, da malamin da zai duba aikinka layi-layi, da matsalar da za ka zauna da ita har ta sallama.

Kuma zaɓin bai tsaya a Edinbara da Thuwal ba. A Tiriyeste ta Italiya, cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa tana gudanar da digiri na biyu a wannan fanni tare da makarantar SISSA tun 2014. Tarayyar Turai tana da shirin EUMaster4HPC da jami'ar Luksambok ke jagoranta. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan kuɗin zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, kuma ofishin biza zai nemi ka ajiye kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, wanda aka mayar yuro 11,904 a 2024. Wannan ma kuɗi ne, amma bai kai rabin na Birtaniya ba, kuma kai ne za ka ci shi wata-wata. Ita kanta Edinbara tana da wannan karatu ta intanet na ɗan lokaci-lokaci, wanda mutum zai yi yana kan aikinsa, iƙamarsa ba ta motsa ba, ko da yake karatu bayan aikin awa takwas sai mai haƙuri.

Amma kafin duk wannan, ƙanena, ga abin da nake so ka yi a makon nan, ba zai ci maka riyal ɗaya ba. Ka sa Linux a kwamfutarka, ka rubuta shiri da harshen C wanda zai ninka jadawalin lambobi biyu masu layi 2,000 da ginshiƙi 2,000, ka auna lokacin da ya ɗauka, sannan ka raba shi a kan ƙwayoyin na'urarka da OpenMP ka sake aunawa. Idan sakamakon ya hana ka barci kana son sanin dalili, fannin naka ne. Idan ka ji gundura, gara ka sani yanzu da ka sani a Edinbara cikin sanyin Disamba, fili ya riga ya tafi.

Alhaji Garba, Makka

Yanzu na fahimta, Allah ya yi muku albarka. Tunda na gane abin da ake magana, bari in faɗi tawa. Na san irin mahaifinka, Mustafa, domin da irinsu muka zo ƙasar nan. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan keken ɗinki a ƙasar da ba za ta zama tasa ba, filin nan ba dukiya ce kawai a wurinsa ba, shi ne wurin da zai sauka ranar da ido ya gaza ko kafili, wanda zamansa yake a kansa, ya ce ya isa. Ya ce zai sayar ne saboda uba ba ya iya cewa a'a a irin wannan wuri. Kai ne za ka ce masa a'a, cikin ladabi, kuma ka nuna masa cewa ba karatun ka fasa ba, hanya ka canza. Idan duk ƙofofin da Dakta da Nura suka lissafa sun rufe, a dawo a sake zama, a kira 'yan'uwanka, domin su ma suna da haƙƙi a wannan fili.

Injiniya Bashir, Zahran

Baba Alhaji ya yi gaskiya, na janye maganar gaggawa. Abu ɗaya nake roƙo: kada a yar da gurbin Edinbara haka kawai. Mustafa, ka rubuta musu ka bayyana halin da jami'arka take ciki saboda yaƙi, ka tambaya ko za su ɗage maka zuwa baɗi, ka kuma tambayi tsarin na intanet. Sannan ka lura sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, ka tsara lokacin rubuta shi yadda zai isar maka a duk wuraren da za ka nema.

Nura, Thuwal

Ni kuma zan duba maka takardar bayanin manufa idan ka rubuta. Ka fara karanta ayyukan malamai uku a sashen, ka zaɓi wanda matsalarsa ta yi kusa da wadda kake so, ka rubuta masa wasiƙa gajeriya da ke nuna ka karanta aikinsa. Wasiƙar da aka aika wa malamai hamsin iri ɗaya ana gane ta daga layin farko.

Mustafa, Jidda

Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar. Na zauna da Baba bayan sallar isha'i na faɗa masa a bar filin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko tsoro na ji, na ce masa a'a, na nuna masa jerin wuraren da zan nema. Malam Usman, na duba takarduna, shahada tana nan da hatiminta, amma takardar maki kwafi ce kawai, na riga na aika wa wani malaminmu da ke Alƙahira saƙo. Na kuma rubuta wa Edinbara.

Dakta, na yi aikin da kika ba ni. Kwamfutata tana da ƙwayoyi huɗu. A kan ƙwaya ɗaya ya ɗauki sakan 52, a kan huɗu ya ɗauki sakan 21, alhali ni 13 nake jira. Na sake gwadawa sau shida har ƙarfe biyu na dare, bai canza ba. A ninka jadawali kuwa kowace ƙwaya tana da nata layukan, babu ɓangaren rijiya da na gani. Ina sakan takwas ɗin nan suka tafi?

Dakta Sa'adatu, Riyad

Madalla, ƙanena, wannan ita ce tambayar. Ƙwayoyinka ba juna suke jira ba, ma'ajiya suke jira. Harshen C yana jera lambobin jadawali layi bayan layi a kwance, kuma duk lokacin da ƙwaya ta nemi lamba ɗaya daga babbar ma'ajiya, ana kawo mata guda takwas da ke jere tare, a ajiye a ƙaramar ma'ajiyar da ke jikinta. Shirin da ka rubuta, idan irin wanda ake fara koya ne, yana bin jadawali na biyu ne a tsaye, ginshiƙi-ginshiƙi, don haka yana ɗaukar ɗaya ya bar bakwai, kamar wanda ake ɗebo masa ƙwarya cike daga rumbu ya tsinci ƙwaya ɗaya ya sake aikawa. Da ka sa mutum huɗu, sai suka yi cunkoso a ƙofar rumbu ɗaya.

Ka musanya zagaye biyu na ciki, yadda na can ƙarshe zai riƙa bin layi a kwance, ka kunna ingantawa ta O3 a wajen harhaɗa shirin, sannan ka auna a kan ƙwaya ɗaya tukuna kafin ka koma huɗu. Ka rubuta kowane sakamako a littafi tare da abin da ka canza, abu ɗaya a kowane gwaji. Ka kawo mana lambobin ranar Alhamis, Nura kuma ya shirya maka aiki na biyu a kan MPI.